Watan da Stamat Zai Ga Manta

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Fabrairu za mu tafi. Na yanke, na kuma rubuta a nan don kada wani ya zo gobe ya ce ba da shi aka yi ba.

Sati uku ina bin maganar nan, duk inda na duba amsar ɗaya ce. A tsibiran Maldib ruwa yana kwantawa ya yi garau daga Janairu zuwa Afrilu, Fabrairu kuma shi ne tsakiyar daɗin. Ba ruwan sama, ba iska, mutum yana ƙasan teku yana hango cikin jirgi a samansa. Ga shi a lokacin sanyi ne mu nan garinmu Ahtopol, ba abin da muke yi sai gyaran inji da faɗa da juna. To me ya rage?

Mijina Stamat shekara talatin da biyar ke nan yana nutso a tekunmu yana tsinto katantanwa, bai taɓa ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa a ƙarƙashin ruwa ba. Lalube yake yi a jikin duwatsu, ni kuma ina sama cikin jirgi, riƙe da tiyon iskarsa, kunnena a kan inji. Shekara ashirin da tara numfashin mutumin nan yana hannuna, saboda haka in na ce na san abin da ya dace da shi ba cika baki ba ne. Tun muna sabon aure ya manna hoton wani kifi a ƙofar rumfar kayan aiki. Manta ake ce masa, faɗinsa ya kai ƙofar gareji. Ya ce ba zai rataye rigar robar nutso ya yi ritaya ba sai ya ga wannan da idonsa, daga wannan fiffike zuwa wancan. Bana ya cika sittin. Zai gani, kuma a ruwa mai haske zai gani, ba a irin kunun da ya saba shiga ba.

Takardar likitan ido na birnin Burgas tana ƙarƙashin kwalaben ɓaure. Nan ne wurinta.

Laraba, 30 ga Yuli, biyar da rabi na yamma

Buhu bakwai na katantanwa kafin ƙarfe biyu. A nuna mini saurayin da zai yi haka a garin nan.

A bakin gaɓa Yanaki ya tare ni da tsiyarsa. Abokin Stamat ne tun suna yawo ba wando, jirginsa ke ɗaure kusa da namu. Wai ya ji zan kwashi tsoho in kai shi ƙarshen duniya ya kalli kifin da ba a soyawa. Na ce ai shi ma shekara sittin muna kallonsa ba mu taɓa cin moriyarsa ba. Ya tambayi yaushe ne tafiyar, na ce Fabrairu, ya ce madalla, da ma ya san ni ba mahaukaciya ba ce.

Ya san abin da yake faɗa. A garin nan ba a barin teku daga Mayu zuwa Oktoba. Aure ma jiran sanyi yake yi. Wanda aka ga ya ɗaure jirgi a tsakiyar kakar katantanwa, to ko an yi masa rasuwa, ko nasa aikin ya ƙare.

Da za mu ɗaure jirgi Stamat ya kai hannu ga zoben ƙarfen gaɓa ya kamo iska. Igiyar ruwa ce ta ɗaga mu.

Asabar, 2 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Nevena ta zo daga Burgas. 'Yata ce, ina sonta, amma tun da ta fara aiki a kantin magani take ganin ita ce likitan ƙasar nan. Ta shiga ɗakin ajiya neman ɓaure, ta fito da takarda a hannu.

Ta jira babanta ya fita duba inji, sannan ta tambaye ni ko na karanta layin ƙarshe. Na ce na karanta har da hatimin. Ta ce likita ya rubuta abin ba ya komawa baya, gaba yake yi, kuma ba wanda ya san saurinsa. Na ce to tunda ba wanda ya sani, ita ma ba ta sani ba.

“Mama, Fabrairu wata shida ne daga yau.”

“Na iya ƙirga, ni na koya miki.”

“Ku tafi yanzu, tun yana gani.”

Na yi mata bayani a tsanake, duk da raina ya soma ɓaci. Yanzu damina ce a can. Iska, hadari, ruwa a dagule. Wa ke ɗaukar mutum ya kai shi kallo a wata mafi muni na shekara? Kuma idon babanta ya ishe shi abin da za mu je yi. Buhu bakwai ranar Laraba, na ce mata. Ta ce da hannu yake tsintar katantanwa, ba da ido ba. Na ce ta mayar da takardar inda ta ɗauko, ta zo ta yanka mini kokwamba.

Lahadi, 3 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Fabrairu.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Na rubuta wa wani mai kai mutane nutso a ɗaya daga tsibiran, Hamdun, in tanadi kwanaki. Wayar Nevena ta dā nake amfani da ita, tana juya mini maganarsa zuwa tamu. Na ce masa mu biyu ne, duka muna da shaidar nutso, Fabrairu muke so, manta muke so.

Amsarsa ta zo kafin in sauke miya. Ya ce Fabrairu gwanin kyau ne, za mu ga abu daga mita talatin. Amma in manta ne ya kawo mu, su a ɓangarensu da damina yake zuwa, lokacin da ruwa ya yi kauri da ƙananan halittun da yake ci. A Fabrairu sai ya koma wancan ɓangaren tsibiran, a sha doguwar tafiya a jirgi, wataƙila a hango ɗaya yana wucewa daga nesa. Wai haske da manta ba sa cika haɗuwa a wata ɗaya a wajensu, sai mutum ya zaɓa.

Na san irin wannan. Mu ma haka muke gaya wa baƙi cewa Oktoba ya fi daɗi, don kada ɗakuna su zauna ba kowa. Wato in ɗauki mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin kunu, in sa shi a jirgin sama awa goma sha, in sauke shi a wani kunun? Daga nesa ma ai gani ne. Na ce wa Hamdun ya riƙe mana Fabrairu.

Juma'a, 8 ga Agusta, biyar na yamma

Na wanke baƙin tamfol ɗin da muke rufe inji da sanyi, na shanya shi a igiya tsakanin bishiyar ɓaure da rumfa. Faɗinsa mita uku da ɗoriya. Datti ne ya yi masa yawa, shi ya sa.

Da muka dawo daga gaɓa na tsaya a bakin ƙofa na ce wa Stamat ya duba mini ko gefen tamfol yana jan ƙasa. Ya yi gaba a hankali, ya tsaya, ya ce na hagu ne ke ja, na dama lafiya. Daidai ne. Bayan ya shige ciki na taka daga inda ya tsaya zuwa igiyar. Taku goma sha ɗaya.

Manta ya fi tamfol girma. Sha ɗaya ya isa har da saura.

Litinin, 11 ga Agusta, shida saura kwata na yamma

Buhu takwas. Stamat ya daina ɗaura agogon nutso, wai maɗaurinsa ya tsinke. Ba damuwa, da ma ni ce agogonsa. Fizga ɗaya a tiyo tambaya ce, lafiya? Biyu, lokaci ya yi, hau. Shi kuma in ya fizga uku daga ƙasa, ya faɗa wuri mai albarka ke nan, in shirya buhu. Yau sau biyu ya fizga uku.

Wani marar aikin yi ya shafa wa zoben da muke ɗaure jirgi fenti ruwan ƙwai, namu kaɗai a duk layin. Ya ɓata mini igiya sabuwa fil. In na kama shi zai ji bakina.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Bikin Maryamu, ba fita. Na kunna kyandir biyu a coci, ban roƙi komai na musamman ba. Da rana aka jera tebura a bakin gaɓa, miyar kifi da banitsa, wainar nan tamu mai cuku, kowa da kwalbar giyarsa haɗin gida yana cewa tasa ta fi.

Stamat ya ɗauki tamu zai zuba wa Yanaki. Ya zuba a kan tebur, ɗan yatsa biyu daga kofin. Yanaki yana tsakiyar ƙaryar wani kifi da ya kusa kamawa, bai ko numfasa ba, ya tura kofin da ɗan yatsa zuwa ƙarƙashin bakin kwalbar, ya ci gaba da ƙaryarsa. Mutum goma a teburin, ba wanda ya kalli wurin.

Na ji haushi ƙwarai. Da dariya suka yi masa, kamar yadda za su yi wa kowa, da na fi samun sauƙi. Na tashi na ce kaina ke ciwo.

Lahadi, 17 ga Agusta, shida na yamma

Taku tara. Amma rana ta karkata, inuwar ɓaure ta sauka a kan tamfol. Wannan ba ya cikin ƙirga.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Teku a kwance yau kamar an goge shi, rana fes. Da lokaci ya yi na fizga biyu, ya amsa, ya hau a hankali yana tsayawa inda ya kamata. Ruwan ƙasa ya ɗan ja shi, sai ya ɓullo gefe, kamar mita goma sha biyar daga jirgi. Na kashe inji kamar kullum.

Ya ɗaga gilashin fuska. Ya juya. Ya kira sunana yana fuskantar tsakiyar teku.

Jirginmu shuɗi ne, tsawonsa mita bakwai, ni kuma ina tsaye a kansa da jar riga. Zan rubuta abin da na yi, tunda ba mai karantawa. Ban amsa ba. Na yi shiru don ya juyo ya gan ni da kansa. Ya juyo kuwa. Fuskarsa ta bi ta kan jirgin ta wuce, ta dawo ta sake wucewa, ba ta tsaya ba. Ya sake kira, a hankali wannan karon, da wata murya da ban san yana da ita ba.

Sai ya kai hannu ƙugunsa ya kamo tiyo, ya riƙa bin sa hannu bayan hannu har ya dafa jikin jirgi. Na karɓi buhu, na karɓi ɗamarar darma da ke nutsar da shi, na ba shi hannu. Ya ce rana ce ta kashe masa ido. Na ce ai yau ranar ba dama.

Kunyar shirun nan ba ta sake ni ba har yanzu. A fili, a iska, ba ko ɗigon ruwa da ya tare masa gani, mita goma sha biyar. Hamdun ya ce a Fabrairu ana gani daga mita talatin. Wa ke ganin?

Alhamis, 21 ga Agusta, tara na safe

Ba mu fita ba. Na ce wa Yanaki inji ne.

Asabar, 23 ga Agusta, biyar da rabi na yamma

Mun dawo daga kasuwa, na tsaya a bakin ƙofa na ce wa Stamat ya duba mini gefen tamfol. Ya yi gaba, ya yi gaba, ya tsaya. Bai juyo ba.

“Zlatka, tamfol ɗin nan ya bushe tun ranar da kika shanya shi.”

Na ce akwai damshi a gefe.

“Nawa ne yau? A maƙoshi kike ƙirgawa in kina takawa, ina jin ki ta taga. Kunnena ai ba abin da ya same shi.”

Na taka a gabansa, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Bakwai. Ya tambayi na ranar farko, na ce sha ɗaya. Ya murza gemu.

“To lissafa mini Fabrairu.”

Na zauna a kan bokiti a tsakar gida na yi kukan da ban yi ba tun ranar Burgas. Tsoro nake ji, tsoro ne tun farko, ba wani binciken yanayi ba. Muddin muna da tafiya a Fabrairu, to yana da ido har Fabrairu. Abin da na riƙe ke nan da hannu biyu, na kuma hana kowa taɓawa.

Ya laluba ya dafa kaina, ya ce in daina, maƙwabta za su ce duka ya fara da tsufa. Sannan ya ce shi bai taɓa gaya mini yana son ganin nesa ba. Ni ce na ƙara masa ruwa mai haske, don ni ce kullum ke tsaye a sama ina jin tausayin duhun da yake ciki. Shi duhun nan gidansa ne. Kifin ya ce yana so.

“Tambayi mutumin naki, a wane wata yake zuwa kusa.”

Na ce masa ya san abin da ɗaure jirgi a Satumba ke nufi a bakin gaɓa. Ya ce ya sani, kuma gaskiya yake nufi.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Na rubuta wa Hamdun komai. Shi ne mutum na farko da na gaya wa da kaina, baƙon da ban taɓa gani ba, ta waya. Na ce masa mijina taku bakwai yake gani yau, ban san na gobe ba.

Bai cika ni da jaje ba, na gode masa. Ya tambayi ko likita ya hana nutso. Nevena ta riga ta bincika, bai hana ba. Sai ya ce mu zo kafin tsayuwar sabon wata, wajen ashirin da ɗaya ga Satumba, lokacin ne ruwa ke turo abincin manta bakin tsibirinsu. Akwai wani dutse a zurfin mita goma sha biyu inda ƙananan kifaye ke yi musu wanka. Ana durƙusawa a yashi a jira, su kan zo ta saman kai har mutum ya sunkuya. Ba a taɓa su. Ya ce bai yi mini alkawari ba, kwana biyar ana iya yi ba a ga ko ɗaya ba. Ya ƙara da cewa a wannan ruwan kowa taku biyar yake gani, har shi.

Satumba ne. Duk mai hankali da ya zauna ya duba zai ga Satumba ne. Na gaya wa Nevena haka, ta ce ashe, na ce kar ta yi mini ashe.

Alhamis, 28 ga Agusta, biyar na yamma

Stamat ne ya faɗa da bakinsa, a rumfar awon katantanwa, gaban kowa. Ya ce ranar goma sha biyar ga Satumba zai ɗaure jirgi, idonsa na tafiya, zai je ya kashe sauran a kan abin da yake so. Na tsaya kusa da shi na ɗaga kai, ina jiran wanda zai yi mana fuskar makoki in ci masa mutunci.

Yanaki ya tofar da ƙwallon zaitun. “Sai yau? Mu tun Mayu muke jiran ka faɗa, mu huta da yin kamar ba mu gani ba. Fentin nan ma da kuɗina na saya, matarka tana ta zagina a bayan ido.”

Na ce ba a bayan ido ba ne, ban san shi ba ne, yanzu da na sani zan maimaita. Aka yi dariya, irin ta da, wadda na yi kewa. Stamat ya ce masa fentin ma bai iya shafawa ba. Yanaki ya ce in mun dawo akwai wuri a jirginsa, hannun da ya san duwatsun nan ba a ajiye shi a gida. Za mu ga wannan in lokacinsa ya yi.

Asabar, 6 ga Satumba, sha ɗaya na safe

Duk unguwa ƙamshin gasasshen barkono. Ni da Nevena mun cika kwalba arba'in, ta kuma gwada mini yadda ake cika takardun jirgin sama sau uku kamar wata ƙaramar yarinya. Tamfol yana nan a igiya. Stamat ya ce a bar shi, ya saba gaishe shi.

Shida. Shi ya taka da kansa ya gaya mini.

Alhamis, 18 ga Satumba, uku na rana, a tsibiri

Ruwan sama ya tarbe mu a filin jirgi, ya raka mu cikin kwalekwale, yana nan har yanzu. Tekun da ke shuɗi a hotuna kore ne. Da Zlatkar watan Yuli ta ga wannan, da ta shaƙe ni.

Hamdun gajere ne, da furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Ya kama hannun Stamat ya juya tafin, ya ga kantar, ya gyaɗa kai. Ya ba mu igiya mai tsawon mita biyu, bakinta ɗaya a wuyan hannuna ɗaya a nasa. Ni zan riƙa duba iskar tukwanen numfashin da muke goyawa, duka biyu. Da ma aikina ne.

Asabar, 20 ga Satumba, biyar na yamma

Nutso huɗu a kwana biyu, ba manta. Wasu baƙi uku da ke jirginmu sai ƙorafi suke yi, wai ba a ganin komai, an cuce su. Ni ma gabana ya faɗi a nutson farko. Na saba ruwa, amma na fi sabawa da samansa.

Stamat kuwa sai ka ce an mayar da shi gida, gida mai ɗumi. Shi ke jan ni. Jiya da za mu hau, Hamdun yana ta waige yana neman igiyar anga, mijina ya miƙe kai tsaye ya kamo ta. Ya ce ya riƙe inda ruwa ke bugun kuncinsa tun da muka sauka. Ɗaya daga baƙin ya tambayi ko shi ma malamin nutso ne. Ban gyara masa ba.

Lahadi, 21 ga Satumba, huɗu na yamma

Ba komai. Minti hamsin a durƙushe. Saura kwana biyu. Satumba ne dai, ban canza ba.

Litinin, 22 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana

Mun sauka ƙarfe tara, muka durƙusa a yashi gindin dutsen. Rabin awa ba komai sai kore. Ina duba iska, ina lissafin yadda zan riƙe fuskata in mun hau.

Sai na ji fizga a wuyan hannuna. Ɗaya, biyu, uku.

Na duba ko'ina, ba abin da na gani. Hamdun yana kallon dama. Stamat ya ɗaga kai sama ta hagu, ya tsaya cak. Sai ɗan hasken da ke samanmu ya ɗauke. Manta ya fito daga cikin koren nan a hankali, baƙi ta sama fari ta ƙasa, ya zo daidai kanmu ya rage tafiya, kumfar numfashin Stamat tana fashewa a cikinsa. Da Stamat ya miƙa hannu da ya taɓa shi. Bai miƙa ba. Kifin ya kewaya ya dawo, ya sake dawowa, sau huɗu in ji Hamdun. Ni ba zan iya shaida ba. Kuka a cikin gilashin nutso wauta ce, ba ta inda za a share.

A jirgi Stamat ya ce ruwan ne ya fara danno masa wuya, irin yadda yake yi in babban abu ya motsa kusa. Sannan ya ce, “Na gani.”

Na ce madalla. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wannan mutumin ne ya ce mini rana ce, ya ce mini maɗaurin agogo ne. Zai iya cewa ya gani don kada in ce na kawo shi a banza. Ban tambaya ba, na tsaya ina kwance masa igiya.

Hamdun ya ciro wani kundin hotuna daga akwati. Ya ce kowane manta da irin ɗigon cikinsa, da shi suke gane su ɗaya bayan ɗaya, bari ya duba ko ya san wannan. Kafin ya buɗe, Stamat ya tsoma yatsa a ruwa ya zana a kan benci. Ɗigo uku a jere ta hagu, sai wani dogo a karkace kusa da wutsiya, ya ce kamar barkonon da muka gasa. Ya ce kuma fiffiken dama yana da 'yar tsaga a ƙarshensa, na hagu lafiya.

Hamdun ya yi ta buɗawa, ya tsaya a wani shafi, ya miƙo mini. Ɗigo uku ta hagu. Barkono kusa da wutsiya. Tsaga a fiffiken dama. Mace ce, ya ce, shekara tara tana zuwa dutsen nan.

Stamat ya tambaye ni ko ya yi daidai, don hoton ya yi masa ƙanƙanta. Na ce barkonon nasa ya ɗan fi kauri. Ya ce ni dai ba a taɓa burge ni.

Yana barci yanzu da gishiri a gemunsa, ruwan sama na dukan kwano. Na aika wa Nevena saƙo ta je gida ta sauke tamfol daga igiya, ta ninke shi ta sa a rumfa. Ya bushe.